TARO YA WATSE, A INA ZA SU KWANA?



'Yan uwa maza da mata, mambobin wannan ƙungiya da sauran masu bibiyar wannan shafi, ga hunturu ya kankama, ga watan azumi na ƙaratowa. Yanzu ne katunan gayyata za su fara yawo a garin Keffi. Ƙungiyar matasa kaza za ta yi taron tallafa wa marasa galihu, gidauniyar Hajiya wance za ta raba kayan abinci, Honorabul wane zai ciyar da mutum dubu. A kafa kanofi, a jera kujeru, a kunna lasifika, babban baƙo ya iso a makare, a sha jawabai, a miƙa leda, a ɗauki hoto. Kafin la'asar masu haya sun kwashe kujerunsu.

Tambayata ga masu shirya irin wannan taro ita ce: wanda kuka ba mudu biyu na shinkafa, a wane murhu zai dafa ta? Wanda kuka ba bargo, a wane ɗaki zai lulluɓa da shi? A cikin mutanen da ake tarawa a layi akwai waɗanda ba su da inda za su koma idan taro ya watse, kuma da wuya ka ji an tambaye su. Ni dai ra'ayina a fili yake. Yawancin tarukan sadakar da ake yi a garin nan ba su taɓa matsalar rashin wurin kwana ko kaɗan, har ma suna lulluɓe ta, domin kowa na komawa gida da jin cewa an sauke nauyi.

Na san akwai masu cewa rashin matsuguni matsalar Turawa ce, mu nan kowa na da dangi. Mai wannan magana bai taɓa fita bayan ƙarfe goma sha biyun dare ba. Ya tambayi 'yan sintirin unguwarsu, ko mai shayin da ke kaiwa asuba, ko ladanin da ke buɗe masallaci. Su ne suka san masu kwana a kan teburan kasuwa da benci-bencin tasha, da bakin shaguna, da barandar masallatai, da kangwayen da ba a yi wa rufi ba. Akwai ɗan ci-ranin da ke tura baro ko kurar ruwa, wanda kwali ne katifarsa. Akwai ɗan acaɓan da ke kwana a kan babur don kada a sace. Akwai almajiran da ɗakin makarantarsu ba ya ɗaukar rabinsu, sauran sai zaure da bakin hanya. Akwai dattijon da 'ya'yansa suka watse, da mai taɓin hankali da danginsa suka gaji. Garin da ke da babban asibiti irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya kuwa ba ya rabuwa da masu jinya daga ƙauyuka, waɗanda kuɗin magani ya cinye musu kuɗin masauki.

Sannan akwai waɗanda ido ba ya gani, kuma ina ganin sun fi yawa. Matar da aka saka da 'ya'ya huɗu, yau tana gidan yayarta, gobe gidan ƙawa, jibi an fara yi mata gori. Bazawarar da mijinta ya rasu a gidan haya, mai gida ya ba ta wata uku. Magidancin da aka watso wa kaya waje, ya raba 'ya'yansa gida uku, shi kuma yana kwana a shagon abokinsa. Ɗalibin da ke raɓe a ɗakin wasu, kullum da fargabar ranar da za a ce ya nemi wani wuri. Waɗannan ba za su taɓa shiga layin karɓar leda a gaban kyamara ba. Kunya ba za ta bar su ba.

Me ya sa abin ya yi wa Keffi yawa? Domin muna bakin Abuja, tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai. Duk abin da Abuja ta tofar, hanyar Mararraba da Masaka yake biyowa. Lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan birnin tarayya, daga 2003 zuwa 2007, an rushe unguwanni da dama, mutane suka kwararo garuruwan jihar Nasarawa. A watan Oktoba na 2024 minista Nyesom Wike ya ba mabarata wa'adi su bar titunan Abuja. Ina kuke zaton wanda aka kora daga Abuja ba kuɗin mota zai nufa? Ga 'yan gudun hijira daga Borno da Zamfara da Katsina, ga namu na cikin gida da rikicin manoma da makiyaya ya tasa a kudancin jihar, ga waɗanda ambaliyar 2012 da ta 2022 ta kora daga gaɓar Binuwai. A gefe guda kuma, tun da aka kafa Jami'ar Jihar Nasarawa a 2001 ɗaki ya zama haja a garin nan. Mai gida a Angwan Lambu ko High Court ya san ɗalibai za su haɗa kuɗi su biya shekara guda nan take, don haka magidanci mai biyan wata-wata ba shi da daraja a idonsa. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, siminti da kwano da kuɗin mota suka tashi, kuɗin haya ya bi su. Mai ƙaramin ƙarfi da yawa tsakaninsa da titi bai wuce rashin lafiyar wata guda ba.

To yanzu mu auna taron sadaka da wannan matsala. Ina roƙon kowane ma'ajin ƙungiya a garin nan ya ɗauko takardar lissafin taronsu na bara. Ya haɗa kuɗin kanofi da kujeru, da janareto da mai, da allon da aka buga da hoton shugaba, da riguna masu tambari, da mai gabatarwa, da mai ɗaukar bidiyo, da lemo da ruwan manyan baƙi. Idan ya haɗa, ya je wurin dillalin gidaje ya tambayi kuɗin ɗaki ɗaya na shekara a bayan gari. Shi da kansa zai ga ɗaki nawa aka cinye a wuni guda. Ban da alkawuran da ake shelantawa a lasifika ana tafi, waɗanda sakatarorin ƙungiyoyi suka san irin sintirin da ake yi kafin a ga rabinsu.

Abu na biyu shi ne hoto. Wace irin sadaka ce ba ta cika sai an tsayar da tsohuwa, an ce ta ɗaga ledar sama, ta kalli waya? Gobe hoton na Facebook da WhatsApp, jikokinta na gani, surukanta na gani. Mudu biyu aka ba ta, aka karɓe mata abin da ya fi buhu tsada. Malamanmu kullum suna karanta mana gargaɗin da ke cikin Suratul Baƙara a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa, suna kuma faɗa mana falalar mai ɓoye sadakarsa. Ban ga inda aka ce wannan hukunci ya faɗi don an ƙirƙiro wayar hannu ba. Idan hujjar ita ce masu ba da kuɗi na son shaida, a nuna musu rasit da lissafi. Fuskar talaka ba rasit ba ce.

Abu na uku ya fi duka nauyi, domin rai ne. Mu mutanen Keffi ba ma buƙatar a ba mu labari. A watan Maris na 2024, cikin azumi, ɗalibai mata biyu suka rasu a turmutsutsun rabon shinkafar tallafi a jami'ar garin nan, wasu da dama suka ji rauni. Kwana biyu tsakani aka yi irinsa a Bauchi wajen rabon zakka, aka rasa rayuka, akasarinsu mata. A watan Disamba na shekarar, yara 35 suka mutu a wani taron yara a Ibadan, mutum 10 a wata coci a Maitama, 22 a Okija ta jihar Anambra, duk cikin mako guda, duk wajen rabon tallafi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri. Waɗanda suka shirya tarukan ba su yi nufin kashe kowa ba. Amma tara mayunwata dubu a ƙofa ɗaya a wannan zamani wasa da wuta ne, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ƙungiyar da ta ga wannan duka ta sake shelar rabon kaya a fili ɗaya, ba ta da uzuri.

Za a ce, Sakatare, ka bar mutane su yi alheri, ko loma ɗaya ai lada ce. Haka ne, kuma ba wanda ya ce a daina ciyarwa. Ciyarwa ibada ce, yunwa kuma ba ta jiran tsari. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da nake ƙi shi ne a yi wa taro suna da wayar da kan jama'a, a tashi ba wanda kansa ya waye da komai. A tambayi waɗanda suka halarci irin wannan taro: mutum nawa ke kwana a waje a unguwarku? Mata nawa ne a ciki? Me ya fito da su? Idan ba mai amsa, to kan wa aka wayar?

Za a ce kuma aikin gwamnati ne. Gaskiya ne akwai haƙƙi a kanta. Sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati ta tsara manufofinta yadda kowane ɗan ƙasa zai samu matsuguni da ya dace. Sai dai wannan sashe yana cikin babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta wa gwamnati aiki da shi. Ma'ana, ba alƙali ne zai karɓo mana ba, matsin lambar jama'a ne. Matsin lamba kuwa ba ya yiwuwa hannu rabbana. Idan ka je gaban shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa ka ce akwai marasa galihu, zai ce Allah Ya kyauta, ya ba ka na mai. Idan ka aje masa takarda mai cewa a Tudun Kofa mutum kaza, a Sabon Gari kaza, a Yara kaza, ga tsofaffi, ga masu taɓin hankali, ga yara, dole ya gyara zama. An sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. A shekarar ce kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. Ƙungiya nawa ce a garin nan ta taɓa rubuta wa waɗannan wurare takarda da sunan mutanen da take cewa tana taimako?

Akwai kuma masu cewa waɗannan mutane baƙi ne, wasunsu ɓarayi ne ko 'yan shaye-shaye, idan aka kyautata musu wasu za su ƙaru. Ban ce duk mai kwana a kango waliyyi ba ne. Amma wanne ya fi hatsari ga unguwa, baƙon da mai unguwa ya san sunansa da garinsu da inda yake kwana, ko wanda ba wanda ya san da shi sai ranar da aka yi sata? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da ya shekara uku yana kwana a tasha, wanda ya fara ba shi tabarma shi zai zama ubangidansa, ko dillalin ƙwaya ne ko mai neman 'yan bangar siyasa. Maganar baƙunta kuwa, a ji kunya. Abdu Zanga da ya kafa garin nan wajen shekarar 1800 daga ƙasar Katsina ya taso. Sunan garin ma daga kafi aka samo shi, wato shingen da mutane ke shiga su tsira. A Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, da zangunan Kumasi da Accra, darajar Bahaushe mai gida tana ga yawan baƙin da yake saukewa. Kakanninmu ba su gina gida ba zaure ba, kuma zauren nan na baƙo ne da almajiri da wanda dare ya yi wa. Yau an rushe zaure an yi shago, an sa get da waya mai ƙaya, sannan a fito sau ɗaya a shekara a raba leda.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. A masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, akwai Suffa, wurin da sahabban da ba su da gida ko iyali a Madina suke zama, Abu Huraira na cikinsu. Da Muhajirai suka iso, abin da aka fara yi shi ne haɗa su 'yan uwantaka da mutanen Madina, aka shigar da su gidaje. A cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa a matsayin masu cin zakka akwai matafiyin da guzuri ya yanke wa, akwai wanda bashi ya danne. Malamai su yi mana bayani a mumbari: magidancin da bashin haya zai fitar da shi titi, ba ya cikin waɗannan?

Taro na iya amfani idan an san abin da ake nema da shi. A birnin Edinbara da ke Birtaniya, wata ƙungiya mai suna Social Bite ta tara mutum kusan dubu takwas suka kwana a fili cikin sanyin Disamba na 2017. Kuɗin da ta tara a irin waɗannan kwanan waje ne ya gina ƙauyen ƙananan gidaje a 2018, ya kuma shiga shirin sama wa masu kwanan titi gidajen zama. Masu hali ne suka sha sanyin, su aka ɗauka hoto. A ƙasar Finlan tun 2008 suka ɗauki tsarin fara ba mutum ɗaki, sannan a bi da maganin shaye-shaye ko neman aiki, kuma masu kwanan titi suka ragu sosai. A Amurka, cikin kwanaki goman ƙarshe na Janairu, masu aikin sa-kai kan fita da dare su ƙirga masu kwana a waje unguwa-unguwa. Kada a ce sai Turai. Nan kusa da mu a Gurku, cikin ƙaramar hukumar Karu, an gina wa Musulmi da Kirista da rikicin Boko Haram ya kora gidaje a wuri ɗaya, kuma ba gwamnati ce ta fara ba. A Sakkwato akwai hukumar zakka da waƙafi, a Kano akwai gidan gajiyayyu na Shahuci. Me Keffi ta rasa?

Ga abin da nake kira gare shi, kuma zan gabatar da shi a zamanmu na gaba.

Na farko, kafin a buga katin gayyata ko ɗaya, a yi ƙirga. A nemi izinin masu unguwanni, a haɗa da 'yan sintiri da limamai da shugabannin coci-coci, a zaɓi dare ɗaya a zaga tasha da kasuwa da kangwaye. Ba kyamara, ba tashin mai barci da fitila a ido. Iyayenmu mata su ɗauki nauyin gano matan da ke raɓe a gidajen mutane, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Sunaye su tsaya a hannun mutum biyu ko uku amintattu.

Na biyu, taron ya zama na faɗakar da masu gida da masu hali. Su za a gayyata, su za a karanta wa sakamakon ƙirgar. Mabukata kuwa a kai musu kayansu har inda suke, da daddare ko da sassafe, ba layi ba turmutsutsu.

Na uku, a buɗe asusun haya. Idan mutum 200 suka riƙa ba da naira 500 duk wata, naira dubu ɗari ke nan a wata, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara. Da wannan za a iya tsayar da korar iyali kafin kaya su fito waje, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan nema musu sabon wuri. A biya mai gida kai tsaye, a karɓi rasit, a manna lissafi a wannan shafi duk wata uku.

Na huɗu, masu kangwaye da gidajen da aka kulle shekara da shekaru, musamman 'yan garin nan mazauna Abuja da Kaduna, su ba da aron ɗaki ɗaya ko su yi waƙafinsa. Matasanmu magina da kafintoci su ba da wuni guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masallatan Juma'a kuma su duba yiwuwar ware ɗaki da banɗaki domin baƙon da dare ya yi wa da masu jinya.

Na biyar, a zauna da alarammomi cikin girmamawa a ga ɗakunan da almajirai ke kwana. Inda rufi ke yoyo a gyara, inda ba tabarma da gidan sauro a saya, inda yara suka fi ƙarfin ɗaki a nemi iyayensu su ɗauki nasu nauyin. Wanda yake son komawa garinsu, babba ko yaro, a yi masa kuɗin mota, a kira danginsa a tabbatar akwai mai tarbarsa.

Na shida, a kai sakamakon ƙirgar fadar Mai Martaba Sarkin Keffi, Dokta Shehu Chindo Yamusa III, da ƙaramar hukuma, da wakilanmu a majalisar dokoki a Lafia, a rubuce, da sa hannun ƙungiyoyi da yawa. Ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar marasa matsuguni ta duniya. Mu mai da ita ranar da za mu fito mu faɗa wa jama'a mutum nawa suka bar titi a shekarar, nawa kuma suka rage.

Ga 'yan siyasa da masu gidauniya da za su ji zafin wannan rubutu, ba da mutum nake ba, da al'ada nake. Ƙofa a buɗe take, ku zo a yi tare, sunanku ma a faɗa idan kuna so. Amma a bana duk wanda ya kawo mana katin taron marasa galihu, za mu tambaye shi cikin ladabi: Alhaji, mutum nawa wannan taro zai sama wa wurin kwana? Duk mamban da ya san wani iyali da ake shirin kora, ko ɗakin da za a iya bayarwa, ya sanar da shugabannin ƙungiya a asirce kafin zama na gaba.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba marasa matsuguni mafita, Ya karɓi sadakarmu, Ya zaunar da garin Keffi da jihar Nasarawa lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Ƙungiya,
Keffi, Jihar Nasarawa.